Laraba: motoci 3, cibiyoyi 15, da wadda ake kai wa a ƙarshe

Da na shigo ofis yau na tarar manhajar tsara hanyoyi ta gama aikin da na bar mata jiya da yamma. Abin da aka ɗora mini tun farkon mako shi ne in sake tsara hanyoyin da motocinmu 3 ke bi wajen kai allurar rigakafi daga babban sito zuwa ƙananan cibiyoyin lafiya 15, ta yadda man da ake ƙonawa zai ragu. Ta fito da zagaye uku masu kyan gani a taswira, babu layin da ya haye wani, kuma jimillar kilomitocin ta yi ƙasa sosai da ta tsohon jadawalin da muka gada. Na buga a takarda na manna a bango don direbobi su gani kafin a kai wa shugabar sashe.

Yaron da aka turo mana koyon aiki ya tsaya yana kallon takardar, can ya ce, "Malama, me ya hana a ce wa kwamfuta ta gwada kowace hanya ta ɗauki mafi gajarta, kowa ya huta?" Na ji daɗin tambayar, don duk wanda ya fara wannan aiki da ita yake farawa. Na miƙa masa biro na ce ya lissafa da kansa. Idan mota ɗaya ce za ta zaga duka, cibiyar farko tana da zaɓi 15, ta biyu 14, ta uku 13, haka har ƙasa, a ninka su duka. Ya danna na'urar lissafinsa ya karanto mini 1,307,674,368,000. Na ce to, a ce kwamfutar tana duba jeri miliyan ɗaya a kowace daƙiƙa, sai ta yi kwana 15 da 'yan awanni tana aiki. A ƙara cibiyoyi biyar kacal su zama 20, sai ta yi kusan shekara 77,000. Kuma ba mu ma zo kan raba cibiyoyin tsakanin motoci uku ba. Ya yi shiru yana kallon lambar, ya sake ƙirga sifilan.

Shi ya sa masana suka nemi dabara. A 1954 George Dantzig da Ray Fulkerson da Selmer Johnson suka gano zagaye mafi gajarta da ya ratsa birane 49 na Amurka, suka kuma kafa hujjar cewa babu wanda ya fi shi, ba tare da sun bi kowane jeri ɗaya bayan ɗaya ba. A kan wannan tushe aka yi ta gini har a 2006 aka warware irin wannan matsala mai ɗauke da wurare 85,900. Irin tamu matsalar kuwa, ta motoci da yawa da ke tashi daga sito ɗaya, Dantzig da John Ramser ne suka fara rubuta ta da harshen lissafi a 1959, a kan tankokin da ke raba fetur ga gidajen mai.

Na nuna wa yaron dabarar da na fi so, ta Clarke da Wright, 'yan Ingila, wadda suka fitar a 1964, domin ana iya yin ta da fensir. Ka fara ɗauka cewa kowace cibiya motarta daban, ta je ta dawo. Sannan ka tambayi kowaɗanne cibiyoyi biyu: in an haɗa ku a tafiya ɗaya, nawa za a rage? A ce daga sito zuwa ta farko kilomita 40 ne, zuwa ta biyu 45, tsakaninsu kuma 12. In kowacce da tafiyarta, 80 da 90 ke nan, 170. In an haɗa, 40 da 12 da 45, wato 97. An rage 73. Sai ka jera duk ragin daga babba zuwa ƙarami, ka yi ta haɗawa muddin motar ba ta cika ba. Ba ta cika ba da amsa mafi kyau ba, amma tana kawo ka kusa cikin ƙiftawar ido, daga nan sai a bi da gyare-gyare, kamar warware duk inda layi biyu suka gitta juna. Manhajar da muke amfani da ita ta fi wannan zurfi, amma ruhin ɗaya ne.

Da hantsi babban direbanmu ya shigo karɓar takardar mai. Dattijo ne, ya fi kowa daɗewa a kan waɗannan hanyoyi. Na ce, "Baba, zo ka duba mana wannan kafin mu kai sama." Ya cire tabarau ya goge, ya bi layin motar farko da yatsa, ya gyaɗa kai. Ya bi na biyu. A na uku yatsansa ya tsaya wuri biyu.

Na farko mai sauƙi ne. Akwai wata 'yar gajeruwar hanya tsakanin cibiyoyi biyu da taswira ke nunawa kamar tsalle ɗaya ne, ya ce ai ba a wuce giya ta biyu a cikinta, kuma hawanta ya fi gangarowarta cin lokaci nesa ba kusa ba. Wannan gyaran bayanai ne kawai. Teburin da na ba manhajar na nisa ne, sai a mayar da shi na mintuna, a kuma bar tafiya daga nan zuwa can ta bambanta da dawowa. Muka zauna da shi muka cike gurabe da yawa daga abin da ke kansa.

Na biyun ne ya cinye mini yinin. Ya ɗora yatsa a kan cibiya mafi nisa, wadda ke can gefen taswirar ita kaɗai, ya ce, "Ɗiyata, wannan kin sa ta ƙarshe. In na bi yadda aka zana, ba zan isa ba sai bayan ƙarfe uku. Matan da suka kawo yara tun safe duk sun watse. Kuma kafin in kai can na buɗe akwatin sanyi sau nawa?"

Gaskiyarsa. Yawancin alluran nan ana so su zauna tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Selshiyas. Wasu daskarewa ke lalata su, wasu zafi, musamman ɗigon shan inna. A jikin kwalbar akwai ɗan tambari, murabba'i mai haske a cikin da'ira mai ɗan duhu. Duk zafin da kwalbar ta sha yana ƙara wa murabba'in duhu kuma ba ya komawa baya, ranar da launinsa ya kamo na da'irar sai a zubar da ita. Na sha riƙe irin waɗannan kwalabe ina juya su a haske. Cibiyar da take ƙarshen layi kullum ita ce ke karɓar waɗanda murabba'insu ya fi duhu, a lokacin da babu sauran wanda za a yi wa.

Manhajar ba ta yi kuskure ba. An ce mata ta rage jimillar kilomita, ta rage. Ita jimilla ba ruwanta da wanda ya jira. In an jinkirta cibiya ɗaya da awa uku aka rage wa motar kilomita goma, a wurin jimilla riba aka ci. A irin wannan lissafi akwai layi guda da ake rubutawa a sama da duk sharuɗɗa, wanda ke faɗin abin da ake so a rage ko a ƙara, kuma ni a ganina babu layin da ya kai shi nauyi a duk aikin. Mutane kan ɗauka cewa wahalar tana wajen warwarewa. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Warwarewa an daɗe da samun injinan da suka iya ta. Wanda ya rubuta wancan layin na sama shi ya yanke wa za a fara kai wa, wa zai jira, ko da bai san ya yanke ba.

Sai na koma kan kwamfuta na sauya tambayar. Maimakon jimillar nisa, na sa ta rage lokacin isa cibiyar da aka fi jinkirtawa, ko wacce ce. Amsar ta juye gaba ɗaya: mota ta uku ta nufi cibiya mai nisa kai tsaye da sassafe, ta biyo sauran a hanyar dawowa, sauran motocin biyu suka karɓi wasu daga cikin kayanta. Kowa ya samu da wuri, amma kilomita sun ƙaru har sun kusa komawa inda tsohon jadawali yake. To aikin da aka ba ni fa na rage mai ne.

Abin da na yi daga nan shi ne abin da ya fi burge ni a wannan fage. Na mayar da jimillar nisa matsayinta na abin ragewa, na kuma kafa sharaɗi cewa kowace cibiya ta karɓi kayanta kafin wani lokaci. Na sa ƙarfe uku na ga kilomita nawa, na sa biyu da rabi, na sa biyu, ina ta matsowa da rabin awa ina rubuta sakamako. Abin da ya fito tebur ne da ke nuna abin da kowace rabin awa ke ci na tafiya. Wannan tunani na cewa kowane sharaɗi yana da nauyin da za a iya aunawa ya samo asali tun daga Leonid Kantorovich, wanda a 1939 a birnin Leningrad na Tarayyar Soviet yake neman yadda masana'antar katako za ta raba aiki tsakanin injinanta, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 1975 tare da Tjalling Koopmans. Bambancin kawai, a irin matsalarsa nauyin kan tashi sannu a hankali, a tamu kuwa tsalle yake yi, don ba a tura rabin mota. Daga ƙarfe uku zuwa ƙarfe ɗaya ƙarin kilomitan kaɗan ne ƙwarai, abin har ya ba ni mamaki. Daga ƙarfe ɗaya zuwa sha biyu da rabi ya yi wani babban tsalle. Ƙasa da sha biyu kuwa manhajar ta ce babu mafita sam sai da mota ta huɗu.

Da rana na shiga wurin shugabar sashe da tebur ɗin. Ta duba sama da ƙasa ta ce, "To wanne ne daidai a ciki?" Na ce, "Ranki ya daɗe, duka daidai ne, kowanne shi ne mafi gajarta a ƙarƙashin sharaɗinsa. Zaɓin lokacin naki ne. Abin da zan iya shi ne in nuna miki abin da kowane zaɓi zai ci." Ta ce man da ake ragewa ba don ado ba ne, da shi ake samun damar yin ƙarin fita a ƙarshen wata, kuma wannan ma yara ne ke amfana. Ban musa ba, don haka ne. Mun ɗan ja magana a kan ƙarfe biyu da ƙarfe ɗaya. Na nuna mata cewa tazarar da ke tsakaninsu a kilomita ba ta taka kara ta karya ba, ita kuma ta kira mai kula da cibiya mai nisa a waya ta tambaye ta ƙarfe nawa layin mata ke fara raguwa. Da ta ajiye wayar ta zagaye ƙarfe ɗaya da jan biro.

Na so in tashi da wuri, amma wani abu ya hana ni sakewa. Duk lokutan da ke cikin teburina matsakaita ne: sauke kaya minti kaza, sa hannu minti kaza. Rana ta gaskiya ba ta tafiya a matsakaici. Wata cibiyar za ka tarar mai riƙe makullin firji ya fita, wata kuma a sauke cikin minti biyar. Jinkiri kuma taruwa yake yi, na farko ya hau kan na biyu, duk su sauka a kan ta ƙarshe. Don haka na rubuta ɗan gajeren shiri da ke ƙirƙiro ranaku na gwaji dubbai, a kowacce ya zaɓi lokacin tafiya da na sauke kaya bisa ƙuri'a daga cikin iyakokin da Baba ya ba ni, sannan ya ƙirga a ranaku nawa aka wuce ƙarfe ɗaya. Dabarar Monte Carlo ke nan, wadda Stanislaw Ulam da John von Neumann suka fara aiki da ita a cibiyar bincike ta Los Alamos da ke Amurka a shekarun 1940. Sakamakon ya nuna mota ta biyu tana tafiya a kan gaɓa: a takarda tana isa da 'yan mintuna a hannu, amma a ranakun gwaji tana yawan makara. Na ɗauke mata cibiya ɗaya na ba mota ta farko, wadda ke da sarari. Kilomita sun ɗan ƙaru, makarar ta ragu sosai. Na rubuta wa shugaba bayanin wannan sauyi a layi uku na haɗa da sabuwar taswira.

Yaron koyon aiki bai tafi ba har na gama, yana gefe yana gwada dabarar Clarke da Wright da fensir a kan cibiyoyi shida, yana gogewa yana sakewa. Na ba shi aikin gobe: ya zana takarda mai sauƙi da kowane direba zai riƙa rubuta lokacin isa da na tashi a kowace cibiya, don iyakokin da na yi gwaji da su daga ƙwaƙwalwar mutum ɗaya suka fito, kuma ina so nan da wata guda in maye gurbinsu da waɗanda aka auna. Ni kuma da safe zan saka hutun direbobi a cikin sharuɗɗa, in kuma duba ko akwatunan sanyin mota ta farko za su ɗauki ƙarin kayan da na ɗora mata.