Mako tara a kan keke: ni da yashin fadamar Rima

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon hawan keke a hanyoyin karkara. Yau mako tara ke nan da na sayi keken nan na gwanjo, mai giya 21 da taya inci 26, kuma sai ranar Asabar da ta wuce na iya ratsa yashin nan na bayan Kwalkwalawa, kusa da Sakkwato, ban sauke ƙafa ƙasa ba. Tsawonsa bai fi taku ɗari ba. Amma duk wanda ya taɓa kifewa a cikinsa, yara masu kiwon awaki suna ƙyalƙyala masa dariya, ya san daɗin da na ji.

Irin wannan keke mai faɗin taya, asalinsa don gangaren duwatsu aka yi shi, can California ta Amurka a shekarun 1970, har wasan ya shiga gasar Olamfik a 1996. Mu nan ina muka ga dutsen? Birnin Sakkwato yana kan tudun marmara, gangara ɗaya za ka yi ka faɗa fadama, daga nan sai shimfiɗa har iyakar ganinka. Abin da ke tsai da mu yashi ne da ƙaya. Na ɓata dare da yawa ina kallon Turawa a YouTube suna tsallake saiwoyi da tsakuwa, ban samu abin da ya yi mini amfani a gaɓar gulbi ba sai kaɗan.

Makonni ukun farko ba su da wani labari, ciwon gwiwa ne kawai. Sirdina ya yi ƙasa sosai, irin yadda muka saba tun muna yara don ƙafa ta riƙa taɓa ƙasa. Na ɗaga shi har sai da ya zama idan na ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe sak. Cikin kwana huɗu gwiwa ta yi shiru.

Mako na huɗu da na biyar na ƙaya ne. Rana ɗaya na yi faci uku tsakanin gada da Dundaye. Ba ƙayar aduwa ko ta bagaruwa ce ta fi cin mutum ba, don waɗannan kana hango itacen ka kauce. Tsidau ne mugun. Yana kwance a gefen hanya, 'ya'yansa sun bushe sun saje da ƙasa, sai ka tsaya ka ga sun manne a taya kamar an yayyafa. Kuskurena na farko, nakan canja tub ban shafa cikin tayar da yatsa ba, ashe tsinin ƙayar yana nan a karye, sabon tub ɗin ma ya sha huda kafin in yi nisa. Yanzu na tsaga wani tsohon tub na shimfiɗa shi tsakanin taya da sabon, ya ƙara nauyi kaɗan, amma faci ya ragu ƙwarai. Ku kuma duba bawul ɗinku tun a gida. Nawa siriri ne, irin na kekunan waje, bakin injin mai facin ƙauye bai kama shi ba. Ranar da na gane haka tura keke na yi har bakin kwalta. Tun daga nan famfon hannu da sholisho da ƙyallen faci ba sa barin jakata.

To, yashin. A nan na daɗe ina wauta.

Na ɗauka ƙarfi ne maganinsa. Sai in taho a guje, in ƙanƙame kan keke, tayar gaba ta nutse ta karkace, in tsinci kaina a ƙasa. A mako na shida ina zaune ina kakkaɓe wando, sai ga wani dattijo a kan tsohon baƙin keke marar giya, da buhun albasa a baya, ya ratsa wurin salin alin. Na gaishe shi, na ce, "Baba, don Allah wane sirri ke ga keken nan naku?" Ya sauka ya jingine nasa, ya matsa tayata da babban yatsa, ya yi dariya. "Ɗana, wagga taya taka awa dutse. Rage mata iska." Ya zagaya ya dubi bayan keken, ya ƙara da cewa, "Kuma wanga abu ba shi da kariya, ina kaka aza kaya?" Ban da amsar tambaya ta biyu har yau.

Ta farkon kuwa gaskiyarsa. Mai faci ya saba ɗura iska har taya ta yi tauri, don haka ake so a kwalta. Da na auna da geji, tawa ta haura 50 a ma'aunin iska na PSI. Taya mai tauri yankan yashi take yi kamar wuƙa, mai ɗan laushi kuwa bajewa take yi ta zauna a samansa. Na yi ta ragewa ina gwadawa, na tsaya a 28 gaba, 32 baya. Wannan nawa ne, da nauyina. Wanda ya fi ni jiki ya ƙara, don idan ta yi laushi da yawa ka daki dutse, rim zai cije tub ya yi masa huda biyu a jere kamar saran maciji, kuma wannan facin ya fi na ƙaya wuyar kamawa.

Sauran darasin buhun albasar nan ne ya koya mini, ko da yake sai da na kwana biyu kafin in gane. Nauyin dattijon duk yana baya, tayar gabansa sakayau take. Sai na koma ina ja da mazaunai baya a kan sirdi, in sassauta hannu, in bar kan keken ya ɗan yi lilo yadda yake so. Giya nakan sauke ta tun kafin in shiga, don idan ka bari sai ka nutse, kaca ƙara kawai za ta yi maka. Ƙafa kada ta daina juyawa. Birkin gaba kada ka taɓa shi. Ido kuma can inda yashin ya ƙare, don na lura duk inda na kalla nan nake faɗuwa. Sawun babura ya fi sawun shanu tauri, shi nake bi.

Kaca ma ta ci mini kuɗi. Baƙin mai na riƙa zuba mata, ga hazo ga ƙura, sai suka haɗu suka zama wani baƙin kwaɓi mai cin haƙora. Yanzu bayan kowace fita nakan goge ta da tsumma, in ɗiga mai kaɗan, in sake gogewa har ta kusa bushewa.

Hanyar da na fi sabawa da ita ta jami'ar Usmanu Danfodiyo ce, wadda ambaliyar 2010 ta taɓa yankewa har aka koma shiga kwalekwale. Da na ƙetare gada sai in bar kwalta in bi turbar masu noman rani. A wannan lokaci fadamar kore shar take, albasa da tafarnuwa da tumatur, injinan ban ruwa suna ta ƙugi. Idan kun tarar da tiyon ban ruwa ya gitta hanya, ku sauka ku ɗaga keke. Mutum ya ci bashi ya sayi abinsa, bai kamata mai yawon motsa jiki ya fasa masa ba. Haka garken shanu, ka tsaya gefe su wuce. Raƙumi kuwa ba shi da tabbas, ka ba shi fili sosai.

Kurmi irin na kudu ba mu da shi. Abin da ke akwai layukan dogonyaro da lambunan mangwaro, sai gawo tsilli-tsilli a gonaki, wanda shi yanzu ne yake da ganye, da damina ya kakkaɓe. Inuwarsa ita ce wurin hutuna, amma nakan duba ƙasa kafin in jingine keke, shi ma yana da ƙaya. Hanyar Kalambaina na gwada ta sau ɗaya na bari. Tirelolin siminti da keke ba sa shiri.

Ina fita da an sallame asuba, da ruwa lita biyu da dabino, in dawo kafin ƙarfe goma. Nan da Afrilu zafi zai haura digiri 40, dole lokacin ya ƙara matsewa. Na so ƙwarai in kai Wurno in ziyarci kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, daga nan in leƙa madatsar Goronyo, amma da halin tsaron da ake ciki a gabashin jiha na ajiye wannan buri tukuna. Ko kusa da gari ba na shiga turbar da ban sani ba ni kaɗai, kuma nakan gaya wa mutan gida inda na nufa.

Abin da ya rage mini yanzu hawa ne. Gangaren da nake jin daɗinsa da safe, shi ke jirana a dawowa, kuma har yanzu a tsakiyarsa nake sauka in tura. Ina zargin giyar gaba, tana ƙin sauka ƙaramin faranti idan na danna da ƙarfi, zan kai a duba mini wayarta. Idan ta gyaru, Asabar ta sama in Allah ya yarda Sifawa na nufa ta hanyar Bodinga, inda Shehu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815. Kwalta ce mafi yawan tafiyar, don haka zan ƙara iska kafin in tashi, in rage idan na sauka gefe. Wanda ke da famfo mai geji ya taho da shi, nawa allurarsa ta fara maƙalewa.