Godiya ga waɗanda suka tsaya mana a kan karatun Baba

Alhamdulillahi. Daren jiya aka tura fayil na 29, na ƙarshe a bidiyon tafsirin Baba da muke yankawa dare-dare muna turawa, Allah ya jiƙansa. Waɗanda suka bi mu tun bayan sadakar bakwai sun san yadda aka kai nan, ba sai an maimaita ba. Jiki ya gaji ƙwarai, amma hankali ya kwanta.

Ɗan ladanmu ba ya son a ambace shi, to yau sai ya yi haƙuri. Shi ya zauna da littafi da biro ya saurari kowane dare, yana rubuta mintin da Baba ya yi Bismillah da mintin da aka shafa fatiha. Da lambobinsa aka yi duk yankan da ffmpeg, manhajar kwamfuta mai yanka bidiyo da murya ta hanyar rubuta mata umarni. Tunda da yawa sun tambayi yadda aka yi yankan, ga layin:

ffmpeg -ss 00:14:20 -to 01:32:05 -i dare12.mp4 -c copy dare12_yanke.mp4

A lura, -ss (lokacin farawa) da -to (lokacin tsayawa) duk an rubuta su kafin -i (mai nuna fayil ɗin da za a yanka). In aka bar -ss a gaba aka kai -to baya, ƙirgen yakan faro daga sifili, sai hirar mutane da ƙarar takalma a ƙofar masallaci su biyo karatun. Haka ya faru da darare 3 kafin a gane. Shi -c copy ba ya sake sarrafa hoto, cikin 'yan sakanni yake gamawa kuma inganci ba ya raguwa. Aibinsa shi ne bidiyo ba ya ajiye cikakken hoto sai jefi-jefi, saboda haka in yankan ya faɗa tsakani, wasu wayoyi sukan daskarar da hoton farko alhali murya na tafiya. Inda hakan ya faru mun ja lokacin baya kaɗan. Darare 4 da suka ƙi, an sake sarrafa su da -c:v libx264 -crf 23 -c:a aac, aikin da ke cin lokaci da caji sosai.

Ga iyayenmu mata da ke ƙauye masu ƙarancin data, an cire murya zalla da -vn -ac 1 -c:a libmp3lame -b:a 48k. Awa guda ba ta wuce MB 22 ba.

Daren 27 ne ya tsinka mana zuciya. Batirin kyamara ya mutu ana tsakiyar addu'a, da aka buɗe fayil ɗin sai allo ya rubuta "moov atom not found". Kyamara sai ta gama ɗauka take rubuta jadawalin MP4, in wuta ta yanke kafin nan, karatun yana ciki amma babu abin da zai nuna hanyarsa, kuma ffmpeg kaɗai ba ya gyara wannan. A daren ne muryar Baba ta karye yana roƙa mana gafara. Da fayil ɗin ya ƙi buɗuwa, ɗakin ya yi tsit, Inna ta miƙe ta shige ciki.

Yaron da ke gyaran waya a bakin kasuwa, wanda ko dangin nesa ba mu haɗa da shi ba, shi ya zo bayan isha'i da kwamfutarsa a jakar leda saboda yayyafi. Ya nemi lafiyayyen fayil daga kyamarar nan, na daren 26, ya haɗa shi da lalataccen a untrunc, manhajar gyaran bidiyon da ya katse, ya ce kada kowa ya taɓa na asalin, a yi aiki a kan kwafi. Wajen ƙarfe 2 na dare muryar ta fito, har zuwa daf da inda batirin ya ɗauke. Aka miƙa masa kuɗin mai, ya ce shi ma a gaban Malam, wato Baba, ya sauke izu biyar. Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya jiƙan magabatanka, ya buɗa maka kasuwa ta inda ba ka zata ba, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Maƙwabcinmu da ya bar mana janareta mako 2, Allah ya haskaka gidansa da kabarin iyayensa. Matan unguwa da suka riƙa aiko da shayi, Allah ya saka da Aljanna. 'Yan uwan da suka yi alkawarin aiko da kwamfuta daga birni, har yau muna sauraro, Allah ya sa lafiya ce ta ɓoye su. Su ma za a tura musu.

Mai son cikakken karatun ya kawo memori ƙofar gida bayan la'asar. Na murya duka bai kai GB 1 ba. Wanda ya saurara ya sa Baba a addu'a, Allah ya kai haske kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.