Duk rana ɗaya aka haife su

Ko zama ban yi ba Oga ya tsare ni, wai yana son ganin abin da sabar, babbar kwamfutar da manhajarmu ke aiki a kanta, ta rubuta a daren da biyan kuɗi ya tsaya wancan watan. Na buɗe foldar log, wato fayilolin da manhaja ke rubuta abin da ya faru a ciki, guda 412, sunayensu kamar an watsa wa kaji tsaba: app.log.1, app.log.old, app-sabo, har da wani mai suna "kada-a-goge". Ni ma da hannuna a wannan ta'asar. Na ce ya ba ni minti goma in sa wa kowanne ranar da aka ƙirƙire shi. Da ƙarfi na faɗa, kowa a ofis ya ji.

Sikirif ɗin, wato ɗan jerin umarnin da na rubuta wa kwamfuta, layi biyar ne kacal. Ya bi fayilolin ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi umarnin stat -c %W lokacin haihuwar kowanne, wato lokacin da aka ƙirƙire shi, umarnin date ya mayar da shi shekara-wata-rana don su jeru da kansu, sannan umarnin mv ya sauya sunan. Allah ya taimake ni na sa echo, mai nuna umarni a allo kawai, a gaban mv, in ga abin da zai faru kafin ya faru. Na danna, allo ya cika da suna guda: 2025-05-14.log, tun daga sama har ƙasa. Ban sa -n ba, alamar da ke hana mv hawa kan fayil mai suna iri ɗaya, don haka da na sake shi haka nan, kowane fayil zai hau kan na gabansa ya shafe shi, a bar ni da guda ɗaya tal.

Oga na tsaye a bayana da kofin shayinsa. Ya leƙo, ya ce, "Malam, duk rana ɗaya aka haife su? Tagwaye na sani, 'yan uku ma na taɓa gani, amma 'yan ɗari huɗu sai yau." Aka kwashe da dariya. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ƙara min minti goma." Ya ce in ɗauki yini.

Ranar na gane ta, ranar da na kwashe komai zuwa sabon faifai ce. Umarnin kwafin da na yi amfani da shi, rsync -a, yana riƙe lokacin da aka yi rubutu na ƙarshe a fayil, amma kwafi sabon fayil ne a wurin ext4, tsarin da ke ajiye fayiloli a faifan, sai ya rubuta masa sabuwar ranar haihuwa. Na so in koma wa ctime, wani lokacin da ake rubuta wa kowane fayil, na tuna a Linux ba ƙirƙira take nufi ba, canji ne, sauya sunan ma kansa yana motsa ta. A Windows ne getctime, umarnin yaren Python mai karanto ctime, ke ba da ranar ƙirƙira, shi ya sa mutane ke faɗawa ramin. Abin haushi, sai a 2017, da wani sabon umarni mai suna statx ya shigo a Linux 4.11, aka samu hanyar tambayar wannan rana kai tsaye, ga shi na tambaya ta amsa min gaskiyar da ba ta da amfani.

Daga ƙarshe layin farko na cikin kowane fayil na sa ya karanta da head -n 1, tunda can ne manhajar ta rubuta lokaci da kanta. Agogon sabar UTC ne, wato lokacin duniya na bai ɗaya, mu muna gaba da awa ɗaya, sai fayil ɗin da Oga ke nema ya fito da ranar jiyansa. Na bar shi a UTC, na faɗa masa da baki. Guda tara babu komai a cikinsu, na tura su wata folda.

Shinkafa da wake wajen Hajiya, yaji ya yi yawa. Tayar babur ta sake sacewa a hanyar gida.

Maganar Oga ce ta ƙi barina. A katina an rubuta 1 ga Janairu, 1991. A ajinmu na firamare kusan rabinmu ranar muke da ita, don malamin da ya yi mana rajista ya ga ita ta fi sauƙin rubutawa. Daga rajistar ta hau takardar jarrabawa, daga nan banki, daga nan duk inda na je ana kwafarta. Bayan isha'i na kira Inna.

"Inna, wai wace rana aka haife ni?"

"Kai kuma yau me ya same ka? Ba Ɗanladi kakarka ke kiranka ba? Ana sussukar gero ne, sanyi bai gama shigowa ba."

"Wata fa?"

"Ka tambayi Kawunka, shi ya yanka ragon."

Kawu ya shekara shida da rasuwa, ta san haka, mantawa ta yi. Muka yi shiru, sannan ta tambaye ni ko na ci abinci.

Da muka gama na sake buɗe kwamfutar, na tambayi date wace rana ce 1991-01-01. Talata.