Daren da igiyar ta tsage a kwamfutata

Watan Afrilu ne, zafin Sakkwato ya haura digiri 40. Ina kan tabarma a ɗakina na Mabera, na ɗora laftof kan bulo biyu don iska ta ratsa ƙarƙashinta, ina lissafin gas mai sanyin da babu irinsa. Aikin digirina na biyu ke nan: cakuɗar gas iri biyu na rubidiyum-87, sinadarin da masana kimiyya Cornell da Wieman suka sanyaya a Kolorado ta Amurka a 1995 zuwa kusan nanokelbin 170, wato dab da iyakar sanyin da ba a iya wucewa, har ƙwayoyin zarra suka haɗu suka zama igiya ɗaya.

Ba ni da leza, lissafin Gross da Pitaevskii na 1961, mai bayyana motsin igiyar nan, kawai nake da shi, layi biyu a sarƙe, ɗaya ga kowane gas. A ɗakin gwaji, in aka haska leza biyu suna fuskantar juna, hasken kan yi ramuka a jere kamar kiret ɗin ƙwai. Leza mai nanomita 1064 tana ba da rami duk bayan nanomita 532. Tambayata ita ce: in aka ɗan taɓa igiyar da ke kwance cikin ramukan nan, za ta lafa, ko za ta tsage gida-gida?

A takarda na riga na san amsar. Gas biyun suna zama a cakuɗe muddin turewar da ke tsakaninsu ba ta rinjayi wadda kowanne ke yi wa kansa ba. Adadin da na saka na zaman lafiya ne. Amma wajen ƙarfe biyun dare sai ga zanen ya yi haƙora sirara kamar na mataji, suna ta girma. Gabana ya faɗi don murna. Na san ragar haske, wato ramukan nan na leza, tana iya sa turewa ta yi aikin jawowa, an ma nuna haka a Haidelbag ta Jamus a 2004, sai na ɗauka irinsa na kama.

Da safe na kai wa malamina. Ya daɗe yana kallo.

"Ɗana, ka raba takun lokacin biyu ka sake." Yana nufin ɗan lokacin da kwamfuta ke tsallakawa a kowane zagayen lissafi.

"Malam, ai jimillar ƙwayoyin ba ta canza ba."

"Hanyar lissafi ta Fourier da kake bi ba ta taɓa canza ta, ko da ta ɓata. Makamashin za ka duba."

Na duba, ashe makamashin yana ta hawa. Na rage takun, haƙoran suka ɓace sarai. Takun ya yi wa tazarar ɗigogin lissafin da na zaɓa girma, kwamfutar ce ta ƙirƙiro tsagewar. Abin ya yi mini ciwo, na kwana uku ban buɗe aikin ba.

Da na dawo na fara da lissafin Bogoliubov a takarda, don in san wace igiya ce ya kamata ta girma kuma da wane sauri. Sai bayan mako biyu, da na sauya adadin, na ga tsagewa ta gaskiya: mai faɗi, mai tafiya a hankali, gas ɗaya na taruwa inda ɗayan ya janye. Na raba takun biyu, na sake rabawa, tana nan inda take.