Na je tambaya da amsa a aljihuna

Ƙannena da kuke shirin rubuta kundin kammala karatu, kuka kuma zaɓi bincike bi-bayani, wanda ɗalibai ke kira kwalitetif, ku zo in ba ku labarin yadda na fara nawa. Gaskiyar magana, tsoron lissafi ne ya kai ni. Na ga abokan karatuna suna fama da alƙaluma da jadawali a kwamfuta, sai na ce a raina ni hira kawai zan yi da mutane in rubuta abin da suka faɗa. Wannan tunanin ya ci mini watanni, ya kuma ci mini wani abu da ya fi lokaci tsada, wanda zan zo kansa a gaba.

Ku fara sanin abin da kuka ɗauko. Binciken ƙididdiga yana tambayar nawa ne, sau nawa, wanne ya fi wanne. Shi kuwa bi-bayani yana neman yaya abin ya faru, me ya jawo shi, me yake nufi a wurin wanda abin ya sama. Ni batuna shi ne dalilin da ya sa masu hawan jini suke daina shan magani. Ƙididdiga za ta iya gaya maka mutum nawa cikin 100 suka daina. Amma abin da ke ran mutum a safiyar da ya ɗauki ƙwayar, ya dube ta, ya mayar da ita cikin kwalinta, wannan sai ka zauna da shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Hanyoyin kai wa ga hakan sanannu ne: hira mai zurfi da mutum ɗaya, tattaunawa da rukuni, zama cikin mutane kana lura da su, da nazarin takardu da rubuce-rubuce.

Ni da hira na fara, kuma na je da amsata a aljihu. Tun kafin in fita na riga na yanke cewa tsadar magani ce matsalar. Don haka tambayata ta farko ita ce: "Baba, tsadar magani ce ta sa kuka daina sha, ko?" Wa zai ce a'a? Baƙo ya zo da na'urar ɗaukar murya, ya miƙo maka amsa mai sauƙi wadda ba ta tona asirin kowa, sai ka karɓa ku rabu lafiya. Hira bakwai na yi a haka, duk bakinsu ɗaya, na koma wurin malamin da ke duba aikina ina murna. Ya sa na kunna masa guda. Bai kai minti biyar yana saurare ba ya ɗaga hannu. "Wa ake yi wa tambaya a nan, kai ko shi?" Ya ce in je in auna da agogo tsawon maganata da tsawon ta dattijon. Da na auna, ni na cinye fiye da rabin lokacin. Duk inda mutumin ya yi shiru na daƙiƙa biyu, sai in ji muryata ta faɗo ta ƙarasa masa zancen.

Hirarrakin nan bakwai duk na ajiye su gefe na sake sabon lale. Na bar tambayoyin da amsarsu e ce ko a'a, na koma roƙon labari. "Baba, ku ba ni labarin ranar da aka fara gaya muku kuna da hawan jini." "Ku faɗa mini yadda jiya ta kasance, tun daga tashinku." Na kuma ɗaukar wa kaina alkawari cewa in mutum ya yi shiru, sai na ƙirga goma a zuciyata kafin in buɗe baki.

Ba zan manta dattijon da na fara gwada wannan a kansa ba. Na tambaye shi yadda safiyarsa take, ya yi bayani kaɗan, sai ya tsaya. Kwalin maganin yana hannunsa, yana juya shi, yana murza gefensa da babban yatsa har takardar ta fara ɗayewa. Jar fitilar na'urar tana ci. Harshena yana ƙaiƙayi, amma na daure. Ina kan takwas sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba: "Ɗana, ni fa ba na jin ciwon komai. Maganin nan ne kullum da safe yake tuna mini cewa ni marar lafiya ne." Hawan jini ciwo ne da sau da yawa ba ya nuna alama, na karanta hakan a littafi tun tuni. Amma ban taɓa tunanin yadda yake ba a ce mutum yana jin ƙarfinsa, sannan a ce ya haɗiyi shaidar rauninsa kowace rana har ƙarshen ransa. Da na katse shi a daƙiƙa ta biyu, da wannan maganar ta koma ciki.

Daga baya na gano wasu sun sha wannan darasin kafin a haife ni. Wani masanin zamantakewa, William Foote Whyte, ya tare a wata unguwar 'yan asalin Italiya a birnin Bostan na Amurka a 1937, ya yi sama da shekara uku a cikinsu, littafinsa ya fito a 1943. Jagoransa a unguwar, wanda ya sakaya da sunan Doc, shi ne ya ja masa kunne cewa ya rage tambayoyin wa, yaushe, don me, domin suna sa mutane su kama bakinsu. Ya ce masa in mutane suka karɓe ka, zama da su kaɗai zai kawo maka amsoshin da ko tambayarsu ba ka yi ba. Kafin shi, masanin al'adu Bronislaw Malinowski ya zauna a tsibiran Trobriand da ke kusa da Niu Gini tsakanin 1915 da 1918, ya koyi harshen mutanen, ya kuma nuna cewa abin da mutane ke cewa suna yi daban, abin da za ka gan su suna yi daban. Gani ya kori ji.

Tattaunawar rukuni, wadda ta samo tushe daga aikin Robert Merton da abokansa a Jami'ar Kolombiya ta Amurka a shekarun 1940, galibi mutum shida zuwa goma ake tarawa. Sau ɗaya na yi ta, na kuma ɓata ta da hannuna, don na bar wata ma'aikaciyar jinya ta zauna a ɗakin saboda ta taimake ni wajen tara mutanen. A gabanta kowa ya rantse bai taɓa tsallake magani ba. Kada ku haɗa mutum da wanda yake jin nauyinsa a ɗaki ɗaya sannan ku sa ran jin gaskiya.

Kuskuren da ya fi gajiyar da ni shi ne jinkiri. Na yi ta tara hira a na'ura ina cewa in na gama duka zan zauna in kwafe su a rubuce. Wata biyu suka wuce. Da na zauna, hirar awa ɗaya tana cin mini awa biyar ko shida, ina tsayarwa ina mayarwa baya. Wahalar ba ta dame ni kamar abin da na tarar ya ɓace ba. Wata baiwar Allah ta ce, "Ai likita ya fi ni sani." A takarda wannan biyayya ce. To amma da wace fuska ta faɗa? Ta sunkuyar da kai ne, ko ta taɓe baki? Muryar ba ta nuna ba, ni kuma na manta, domin ban rubuta komai a ranar ba. Labarin zuciya a tambayi fuska, fuskar kuwa na'ura ba ta ɗauka ba. Masanin al'adu Clifford Geertz ya kawo wani misali a 1973, wanda ya aro daga masanin falsafa Gilbert Ryle: yara biyu, ɗaya idonsa ne ke rawa ba da sonsa ba, ɗayan kuma ƙifta wa abokinsa ido yake yi da gangan. A hoto duk ɗaya ne. Wanda ya san abin da ke tsakaninsu ne kaɗai zai bambance. Tun daga nan, ba na kwanciya ranar da na yi hira sai na cika shafi biyu ko uku da abin da na gani: inda muka zauna, wanda ya shigo, lokacin da murya ta sauka, da abin da ni kaina na ji a raina, domin mai bincike ma yana shigowa da nasa son zuciyar.

Jinkirin ya yi mini wata ɓarnar. Barney Glaser da Anselm Strauss, waɗanda suka yi nazarin yadda ake mu'amala da masu jinyar ajali a asibitocin yankin San Faransisko, sun shimfiɗa hanyarsu a 1967 a kan cewa tara bayani da nazarinsa tare suke tafiya. Hirar yau ce ke gyara tambayar gobe. A hirata ta uku wani ya ambaci cewa maganin yana sa shi yawan fitsari, shi ya sa ba ya sha ranar da zai yi doguwar tafiya. Da na kwafe ta a makon, da na tambayi duk waɗanda suka biyo baya. Ban lura ba sai bayan na rufe fita.

Glaser da Strauss ne kuma suka ba da amsar tambayar da kowane ɗalibi ke yi, wato mutum nawa zan yi hira da su. Ka tsaya lokacin da sabuwar hira ta daina ƙara maka sabon abu. A 2006 Greg Guest da abokan aikinsa biyu sun gwada wannan da hirarraki 60 da aka yi da mata a Gana da Najeriya, suka tarar kusan duk abin da ya fito ya riga ya bayyana a hira 12 na farko. Na sha ganin ɗalibai suna riƙe 12 ɗin nan kamar doka. Ku sani matan nan yanayinsu ya yi kama da juna, tambayar ma a taƙaice take. In mutanenka sun bambanta sosai, 12 ba za ta kai ka ko'ina ba.

Wajen nazari, na rubuta wa malamina cewa jigogi huɗu sun fito daga bayanan. Ya ja layi a ƙarƙashin "sun fito" ya tambaye ni ta wace ƙofa. Virginia Braun da Victoria Clarke, waɗanda suka tsara matakai shida na nazarin jigo a 2006, sun yi tsayin daka a kan wannan: mai bincike ne ke gina jigo, don haka dole ya nuna yadda ya gina. Ka karanta rubutun har ka saba da shi, ka bi shi layi-layi kana sa wa kowace magana alama, ka tara alamomin da suka yi dangantaka, ka koma ka gwada su da ainihin maganganun, ka raɗa musu suna, sannan ka rubuta. Manhajoji irin su NVivo da ATLAS.ti suna taimakawa wajen adanawa da nemowa, amma tunanin naka ne. Kuma ku guji abin da na yi na mayar da mutanena 'yan kaɗan zuwa kashi kaza cikin 100. Ban zaɓo su ta hanyar da za su wakilci jama'a ba, saboda haka wannan lissafin yaudara ne ko da ban yi niyya ba.

Akwai kuma mutumin da na so in ɓoye. Shi bai taɓa tsallake magani ba, alhali ya fi kowa ƙarancin abin hannu. Bai shiga ko ɗaya daga jigogina ba, sai na tura hirarsa ƙarshen fayil. Da aka matsa mini na koma kanta, na tarar a nan mabuɗin yake. Yayansa ya kamu da shanyewar ɓarin jiki a gabansa, shi ya yi ta ɗaga shi yana kwantarwa har ya rasu. A wurinsa ciwon yana da kamanni, ya gan shi da idonsa. Wannan ya haska mini maganar dattijon nan da ya ce ba ya jin ciwon komai fiye da duk waɗanda suka yarda da ni. Yvonna Lincoln da Egon Guba sun sa neman irin wannan mai saɓawa cikin hanyoyin tabbatar da ingancin bincike a 1985, tare da komawa wurin mutanen ka karanta musu abin da ka fahimta su ce haka ne ko ba haka ba.

Saura abin da na ce ya fi lokaci tsada. Dokokin kare waɗanda ake bincike a kansu ba haka kawai aka kafa su ba. Daga 1932 zuwa 1972, a Tuskegee ta Amurka, an bar baƙaƙen fata kusan 400 masu ciwon tunjere ba magani don a ga yadda ciwon zai ci su, kuma bayan tonuwar wannan ne Rahoton Belmont, wanda ya shimfiɗa ƙa'idojin kare mutanen da ake bincike a kansu, ya fito a 1979. Na san wannan tarihin, na kuma ɗauka ya shafi masu allura da gwajin magani ne kawai. Ni da ba na taɓa jikin kowa, wa zan cutar? Na ba kowa takardar amincewa ya sa hannu, na yi alkawarin sakaya suna, na ga na gama.

Wata uwa ta amince da ni har ta gaya mini cewa takan ce wa ma'aikatan asibiti tana shan maganin, alhali a jaka take tara shi, saboda tsoron faɗansu. Na canja sunanta. Amma na bar shekarunta, da sana'arta, da yawan 'ya'yanta, da wata kalma da take yawan maimaitawa. Ranar da na gabatar da sakamakon a gaban ma'aikatan, ina karanta maganarta na ga biyu daga cikinsu sun haɗa ido. A wuri ƙarami, abubuwa uku sun isa su nuna mutum. Yanzu kafin in sa maganar kowa a rubutu, sai na karanta ta da idon maƙwabcinsa, in cire ko in sauya duk abin da zai sa a ce ai wance ce, in kuma abin ya yi nauyi in koma in nemi izininsa a kan wannan maganar ita kaɗai.

Da ranar zuwanta asibiti ta zagayo, an yi mata faɗa a gaban mutane. Mun haɗu a baranda tana fitowa, katinta a hannu. Na gaishe ta, ta amsa a hankali, sannan ta ce: "Malam, ai ka ce ba wanda zai sani." Na ba ta haƙuri har sau uku. Ta ce ba komai, amma in cire maganarta daga aikina. A daren na goge muryarta daga na'urar, na zare shafuka huɗu daga babi na huɗu. Ita ce hira mafi kyau da na yi a duk binciken, kuma ban sake ganin matar a ranakun da nake zuwa asibitin ba.