Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Waƙar da Baba Ya Bar Mini Wasiyya

Makon jiya na tsaya a daren da Baba ya cika, cikin watan Maris na 1998, ana tsakiyar azumin kwana arba'in. Kafin gari ya waye gidanmu ba masaka tsinke. Ya fi shekara talatin yana katikis, wato malamin koyar da addini a cocin Katolika, a ƙauyenmu da ke kusa da Zonkwa, da wuya ka sami gidan da bai taɓa shiga ya yi addu'a a kan gawa ba.

Baba ɗan zamanin da ake yin Misa da harshen Latin ne. Fada-fadan Turawa na ƙungiyar mishan ta SMA ne suka koya masa hidimar bagade, wato taimaka wa Fada a lokacin Misa, tun yana ɗan yaro, lokacin da Fada kan sa baƙar riga a Misar matattu. Da babban taron Batikan na Biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, ya buɗe ƙofar yin Misa da harshen jama'a, Baba ya fi kowa murna. Ko Dies Irae, doguwar waƙar nan ta ranar shari'a da aka cire daga Misar jana'iza, bai yi kewarta ba. Yakan ce mai makoki ba tsoro yake nema ba. Amma In Paradisum, waƙar Latin da ake rerawa yayin fitar da gawa daga coci, ita kam ya riƙe ta gam. Yana aski yana rerawa, yana facin tayar keke yana rerawa, har ta zauna mini a ka ba tare da na san ma'anarta ba.

Kwana uku kafin ya rasu ya kama hannuna. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba.

"Uwata, ranar da za a fitar da ni daga coci, ke za ki rera mini ita."

"Haba Baba, ka daina irin wannan magana."

"Na dai faɗa miki."

Daren kwanan makoki na matan Zumunta ne, ƙungiyar matan coci. Suka zo da zane iri ɗaya, da caki, da kuge, da tulun nan da ake bugun bakinsa da soso, wanda a ƙirji kake jin amonsa kafin kunne. Aka yi rosari, sai waƙa, sai karatu, sai waƙa kuma. Na sha jin masu cewa kiɗa bai dace da gidan mutuwa ba. Ina jin ba su taɓa zama kusa da gwauruwa da ƙarfe uku na dare ba. Mama ta yini ba ta ce uffan ba, amma da aka ɗauko Zabura ta 23 sai na ga leɓɓanta suna motsi.

Da safe shugaban kwaya ya ja mana kunne: babu waƙar Ɗaukaka a Misar jana'iza, babu Haleluya kuma tunda azumi ake. Duk da haka, da aka miƙe don Linjila bakina ya buɗe da kansa zan rera Haleluya kamar yadda aka saba, sai da ta kusa da ni ta taka mini ƙafa.

Bayan an karɓi Jibi Mai Tsarki, Fada ya sauko wurin akwatin, kyandir ɗin Ista yana ci a gefe. Ya yayyafa ruwa mai tsarki, ya zagaya da turare, kwaya ta yi waƙar bankwana da Hausa, wadda ake kiran tsarkaka da mala'iku su zo su tarye shi. Maza shida suka sa kafaɗa. Shugaban kwaya ya dube ni.

Na fara. Abin da waƙar ke cewa shi ne mala'iku su yi maka jagora zuwa Firdausi, shahidai su karɓe ka, su kai ka birni mai tsarki, Urushalima. A kan wannan Urushalimar ce muryata ta sarƙe. Na buɗe baki, babu komai. Cocin ya yi tsit, ba ka jin komai sai takun masu akwati.

Can daga bencin baya wata murya ta taso, tsohuwa, tana rawa. Wani dattijo ne da suka yi hidimar bagade tare da Baba, haƙoransa ba su fi huɗu ba. Ya ɗauko daga inda na yar. Sai wata tsohuwa ta bi shi, sai wani, su biyar ko shida da ban taɓa sanin suna da Latin a ciki ba. Fada ya ɗaga hannu masu akwati suka rage tafiya. Na haɗiye kukan na shiga, muka ƙarasa tare a inda ake roƙa masa hutawa ta har abada tare da Li'azaru (Lazaro a cikin waƙar), wanda a dā matalauci ne.

A makabarta, bayan an mayar da ƙasa, dattijon ya dogaro sandarsa ya zo inda nake.

"Sannu, 'yata. Amma kin ja Lazaro ɗin nan fiye da kima."

"Haka Baba ya koya mini, Kawu."

"Na sani. A kansa Fada ya sha murɗe masa kunne, bai gyara ba."

Mako mai zuwa zan ba ku labarin akwatin ƙarfen da muka buɗe a ɗakin Baba ranar bakwai.