Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Zaman Auta da Tashinsa

A makon jiya na tsaya ne a inda likita ta shaida mana cewa Auta yana da larurar Down, wato ƙwayar gado ta 21 ta zo masa guda uku maimakon biyu. Gwaggo ba ta karɓi wannan bayani ba. Abin da ta faɗa a tsakar gida, a gaban facalolina, shi ne: "Goyo ne ya lalata shi, ki sauke shi ya sha ƙasa." Har yau idan na ga mace da goyo a layin asibiti sai maganar ta dawo mini.

Tun kafin a yi suna jikinsa saɓule yake. Idan aka ɗaga shi ta hammata sai ya nemi zamewa kamar jiƙaƙƙen sabulu, idan kuma aka kwantar da shi rigingine sai cinyoyinsa su baje, gwiwoyi su taɓa tabarma. Wane goyo ne ya yi wannan a kwana bakwai? Ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi ta asibiti ta ce tsokar irin waɗannan yara ba ta da ɗauri sosai, jijiyoyin da ke riƙe gaɓoɓinsu kuma sun cika saki, shi ya sa komai yake zuwa a makare. Ta sa aka fara duba zuciyarsa, domin kusan rabinsu da matsalar zuciya ake haihuwarsu. Tasa lafiya lau, alhamdu lillahi.

Sai da ya kusa shekara sannan ya zauna da kansa, kuma yadda yake tashi zaune ya zama abin kallo a gidan. Daga rub da ciki sai ya ware ƙafafunsa hagu da dama har su zagayo gabansa, sannan ya tura ƙasa da hannuwa ya miƙe, ba tare da ya murɗa ƙugunsa ko kaɗan ba. Yayyensa suna tafi, ni ma ina murna, amma ma'aikaciyar ta ce dabara ce ta kauce wa juya gangar jiki, kuma idan ya saba da ita tafiyarsa za ta zo a tattale. Ta koya mini in mirgina shi gefe, ya dogara da gwiwar hannu, sannan ya tashi. Ta kuma sa na kai wa tela wani gajeren wando ya haɗe ƙafafun wandon biyu da ɗinki, don cinyoyin su daina bajewa.

Gaskiya ita ma ta ce a riƙa kifa shi a tabarma idan yana farke, amma ba ta taɓa cewa goyo ne ya jawo ba, kuma bambancin nan Gwaggo ta ƙi ganinsa.

Rarrafe bai dame shi ba, jan gindi ya fi so. An gaya mini yawancinsu sai wajen shekara biyu suke takawa, wasu har huɗu, shi kuwa ya saki keken katakon da Babansu ya sa aka yi masa yana da shekara biyu da rabi. A bikin 'yar Yaya Babba, a 2019, da kunnena na ji Gwaggo tana gaya wa mata cewa ita ce ta sa aka sauke shi har ya yi tafiya.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo yadda muka yi da maganarsa.